Ɗakin ƙasa na Oklahoma: me ya riƙe shi tun 1894?

Tambaya:
Assalamu alaikum. Kusa da garin Aline, a jihar Oklahoma ta Amurka, akwai ƙaramin gidan tarihi, Sod House Museum, ɗakin da wani mai suna Marshal McCully ya gina a 1894 da yankakkiyar ƙasa mai ciyawa. Masana, me ya hana shi rushewa? Kuma gidajen tarihin karkara marasa kuɗin kirki, yaya suke adana tufafi da takardu?

Amsa ta 1:
Wa alaikumus salam, Malam. Saiwa ce ta riƙe shi. Itace ya yi ƙaranci a filayen nan, sai Turawan da suka kwararo bayan rabon filin 1893 (filin ƙabilar Cherokee, 'yan asalin Amurka, ne dai kafin nan) suka riƙa fere ƙasa da garma, kauri kamar santimita 10, su yanka ta kamar tubali. Ana kifa ciyawar ƙasa, a riƙa gitta wani layi don bangon ya ɗaure. Ruwan sama ne ajalinsa: da ya samu kafa ta rufi, bango ya jiƙe ya zauna. Shi ya sa aka gina wani babban gini aka lulluɓe ɗakin gaba ɗaya.

Amsa ta 2:
Kayan ciki kuwa, danshi da haske ke cinye su. A riƙe danshi tsakanin kashi 40 zuwa 60. Ya haura 65, fumfuna ta fito. Bargo ko riga kada hasken taga ya taɓa su, launin da ya koɗe ba ya dawowa. In an ga asu, a ƙulle kayan a leda, a sa a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius na mako guda. An fitar, a bar ledar a rufe awa 24, don raɓa ta kwanta a kan ledar maimakon yadin. Salatif a kan tsohuwar wasiƙa kuwa ɓarna ce, gam ɗin yana rina takarda.

Amsa ta 3:
Haka ne, 'yan'uwa, amma kun tsallake rajista. Ranar da kaya ya shigo a ba shi lamba: 2019.4.2, wato shekara, kyauta ta huɗu, abu na biyu. Da fensir ake rubuta ta a bayan hoto, ban da biro. Mai kyautar ya sa hannu a takardar mallaka, in ba haka ba jikoki su zo neman kayan kakansu, gidan ba shi da hujja.

Amsa ta 4:
A kula da tsohuwar bindiga, wata da harsashinta a ciki ake kawo ta. Fim ɗin silima na kafin 1950 shi ma yana saurin kama wuta, a ware shi daga sauran kaya.