Giranit ya ƙi nuna alamar lalacewa a gwajina, ina mafita?

Salam jama'a, don Allah masu ilimin duwatsu ku taimaka min, kaina ya kulle. An ba mu asaimen a jogirafi mu nuna da gwaji yadda ruwa da iska ke cin duwatsu har yanayin ƙasa ya canza. Na samo laimiston (dutsen farar ƙasa) da giranit da dutsen yashi, na zuba kowanne a kwalba da binega. Laimiston nan take ya fara kumfa, wannan na gane, kalsiyam kabonet ne asid ke ci yana fitar da kabon dayoksaid, shi ya sa ake samun koguna a ƙarƙashin ƙasa inda yake. Dutsen yashin ma ya ɗan zubar da ƙwayoyi a gindin kwalbar.

Amma giranit ko gezau wallahi. Na canza binega, na ɗumama ta, na farfasa shi ƙanana, na ma gasa shi a wuta na tsoma cikin ruwan sanyi, sai ɗan ɓallewa kawai ya yi, wannan kuwa fashewa ce ta zafi da sanyi ba sinadari ba. Alhali a darasi an ce felsfa, wani ma'adini da ke cikin giranit, ruwa na mayar da shi yumɓu, kwaz (wani ma'adinin mai tauri da ke cikinsa) ya rage a matsayin yashi, kuma ni ban ga ko ɗigon yumɓu ba.

Akwai gwajin da zai nuna wannan canjin na felsfa da kayan da ɗalibi zai iya samu?