Taraktar mahaifina tana tashi, sai ta mutu bayan minti goma

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman makanikai. Ina Maradi, kuma ina neman taimako kan Massey Ferguson 135 da Baba ya bari, mai injin Perkins silinda uku. Shekara shida tana ajiye ƙarƙashin bedi a gonarmu ta hanyar Madarunfa.

Na wanke tanki, na canza matatun gazuwal biyu, na sa sabon batir. Tana tashi bugu ɗaya. Amma da ta yi kamar minti goma sai ta fara tari, ƙarfi ya ragu, ta mutu. In na kwance ƙusar fitar da iska a jikin famfon CAV, wato babban famfon da ke tura mai cikin injin, kumfa ce ke fitowa, kamar ta sabulu. Na fitar da iskar, ta sake tashi, ta sake mutuwa. Sau bakwai jiya.

Wani mai gyara ya ce famfon ne ya lalace, in kai shi Kano. Raina bai kwanta ba, don kuɗin ba kaɗan ba ne. Ko ƙaramin famfon da ke jawo mai daga tanki ne ke shan iska? Ta yaya zan gane kafin in kwance babban? Damina ta kusa, ina so in yi huɗar gero da ita kamar yadda Baba yake yi.