Masu karatun Sinanci dan Allah ya kuka yi da ɓangaren al'adu da rayuwar yau da kullum?

Ummi_K:
Slm 'yan uwa. Ina shirin zana jarabawar ƙwarewa a Sinanci HSK mataki na 3 tare da ta baka wato HSKK, malamarmu ta raba mana darussan kashi kashi, akwai na gabatar da kai da iyali, akwai na al'adun Sinawa sai na harkokin yau da kullum. To na al'adun nan ne ya tsaya min a rai wlh, bukukuwa sun yi yawa kowanne da labarinsa da abincinsa na rasa wanne zan kama wanne zan bari. Dole ne sai na san tarihin kowane biki?

Abban Hanifa:
Wslm. 'Yar uwa kwantar da hankalinki, HSK ba jarabawar tarihi ba ce, babu wani ɓangaren al'adu da aka ware daban, sauraro ne da karatu da rubutu. A tsarin da muka saba da shi kalma 600 ake so a mataki na 3 kuma yawancinsu na gida ne da makaranta da sayayya da lafiya da hawa mota. Abin da zai fisshe ki shi ne ki iya ba da labarin kanki tun daga tashi barci har kwanciya ba sai kin tsaya lalube ba, kuma ki lura su lokaci suke kawowa kafin aikin, wo qi dian qichuang, ni ƙarfe bakwai nake tashi, in kika jefa lokacin can ƙarshen jimla kin ɓata ta. Ki riƙa ɗaukar muryarki a waya kina saurara, nan za ki ji inda sautukan nan huɗu na hawa da saukar murya a Sinanci suke kufce miki.

Zee_Hanyu:
Malam gaskiya ka faɗa amma kar ta watsar da al'adun gaba ɗaya, don a sauraro sai ka ji mutum biyu suna hirar sayen tikitin jirgin ƙasa za su koma gida, in ba ka san Chunjie ba sai ka rasa inda hirar ta dosa. Ni a ganina uku sun ishe ki. Chunjie sabuwar shekararsu, tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, iyali su haɗu su ci abinci a ba yara kuɗi a jar ambulan, mutanen arewacin ƙasar kuma su yi jiaozi, wato kwaɓin fulawa da ake cusa wa nama ko ganye. Sai Zhongqiu ranar 15 ga wata na 8 a kalandarsu ta gargajiya, shi ne na kek ɗin wata. Sai Duanwu, 5 ga wata na 5, tseren kwale-kwale da zongzi, wato shinkafa da ake naɗewa a ganye a dafa, ana danganta shi da mawaƙi Qu Yuan. Kowanne ki yi masa jimla uku kawai, yaushe ne, me ake ci, me ake yi, shikenan.
Inda mutane suka fi shan wuya ma ba nan ba ne, sunayen dangi ne. Kakannin wajen uba yeye da nainai, na wajen uwa waigong da waipo, wan uba bobo ƙanin uba shushu, ɗan'uwan uwa kuma jiujiu. In za a tambayi yawan mutanen gidanku kou ake ƙirga su da shi, kuma mutum biyu liang ne ba er ba, wannan kam kowa sai ya yi tuntuɓe da shi.

Sadiq_09:
Ku ƙara mata da na zamani don Allah, littattafai da yawa har yanzu suna nan da hirar ba da canji alhali a biranensu kusan komai da WeChat ko Alipay ake biya. Sannan sunan dangi ne a gaba, in kin ga Wang Laoshi to Wang ɗin na dangi ne, haka ake kiran malami.

Ummi_K:
Kai na gode sosai Allah Ya saka da alheri, yanzu na ga inda zan sa gaba. Zee dan Allah shekarun nan nasu da ake wa laƙabi da dabbobi 12 fa, na san 2024 ta dodon nan long ce 2025 ta maciji, sai na haddace jerin duka ko tawa kaɗai ta isa?

Zee_Hanyu:
Taki da ta mutanen gidanku ta isa, abin da za a tambaye ki bai wuce ni shu shenme ba, wato a shekarar wace dabba aka haife ki.