Harajin alawus ɗin karatu a Amurka: me ya sa ake yanke kashi 14?

Ɗalibi_Sabo:
Assalamu alaikum. Ina neman bayani daga waɗanda suka san harkar haraji a Amurka. Ɗalibi ne mai bizar F-1, jami'a ta ɗauke masa kuɗin makaranta gaba ɗaya, tana kuma ba shi alawus na dala 2,000 duk wata don haya da abinci. Amma dala 1,720 ke shiga asusunsa. Abokin karatunsa ɗan ƙasa kuwa kuɗinsa cif yake karɓa. Ashe tallafin karatu ma ana biya masa haraji? Abin da aka yanke yana dawowa?

Akanta:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tun gyaran dokar haraji na 1986 aka raba tallafin karatu gida biyu. Abin da ya tafi kuɗin makaranta, da kuɗaɗen rajista na dole, da littattafai da kayan aikin da aka wajabta wa kowane ɗalibi a darasin, babu haraji a kansa, muddin digiri ɗalibin yake nema. Abin da ya tafi haya, abinci, tikitin jirgi ko kashewar yau da kullum, hukumar harajin Amurka, wato IRS, kuɗin shiga take ɗaukarsa.

Yankan da ka gani kashi 14 cikin ɗari ne, wanda doka ta ɗora wa jami'a ta riƙe daga baƙin ɗalibai masu bizar F, J, M ko Q. Yarjejeniyar haraji tsakanin ƙasashe kan iya sauke shi, amma Najeriya da Nijar da Ghana babu wadda ke da ita da Amurka.

Wani abu yana dawowa, sai dai ba duka ba. Ɗauki shekarar 2024: alawus dala 24,000, an riƙe 3,360. Harajin gaskiya kashi 10 ne a kan 11,600 na farko, wato 1,160, sai kashi 12 a kan ragowar 12,400, wato 1,488. Jimla 2,648. Za a mayar masa da 712. Jami'a za ta ba shi takardar 1042-S, mai nuna abin da aka biya shi da abin da aka riƙe, zuwa 15 ga Maris, da ita zai cike fom 1040-NR na harajin baƙi, ya haɗa da fom 8843 mai bayyana matsayinsa na baƙon ɗalibi. In ba shi da lambar SSN (Social Security, wadda ake amfani da ita wajen aiki da haraji), sai ya nemi lambar biyan haraji ta ITIN da fom W-7. Wanda bai cike ba, kuɗinsa ya zauna a hannun IRS.

Malama_Lissafi:
Bayanin Malam Akanta daidai ne. Bari in taɓo abokin nan ɗan ƙasa, don ni shi ya fi ba ni tausayi. Rashin yanka ba yafiya ba ce. Jami'o'i galibi ba sa riƙe komai daga alawus ɗin ɗan ƙasa, shi zai lissafa da kansa ya shigar a layi na 8r na Schedule 1, takardar da ake haɗawa da fom 1040 na mazauna. In abin da ake bin sa zai kai dala 1,000 a shekara, sai ya riƙa biya kashi-kashi da fom 1040-ES: 15 ga Afrilu, 15 ga Yuni, 15 ga Satumba, da 15 ga Janairu. In ya bari sai ƙarshe, ga bashi dunƙule, ga tara a kai.

Wannan hukunci zai iso kan mai F-1 shi ma. Shekaru biyar na kalanda ake ware masa a matsayin baƙo, kuma ko a watan Disamba ya sauka, wannan shekarar ta shiga lissafi. Daga ta shida, in kwanakin zamansa sun cika ƙa'ida, ya zama mazauni a idon IRS: yankan kashi 14 ya tsaya, ya koma fom 1040. Masu digirin digirgir da yawa kan ga alawus ya ƙaru su ɗauka ƙarin kuɗi aka yi musu.

Ɗalibi_Sabo:
Na gode, Malama. Kwamfutar da ya saya don karatu fa, za a cire ta daga lissafi?

Akanta:
Sai in an wajabta ta ga duk ɗaliban darasin. In haka ne, ya adana rasit da takardar tsarin darasin da ta faɗi hakan. Amfaninta gare shi kawai bai wadatar ba.

Abu_Maryam:
A fara duba takardar tallafin tukuna. In an ɗaure kuɗin da koyarwa ko taya farfesa bincike, albashi ne, takardar albashi ta W-2 za a ba shi, kuma yankan ba zai zama kashi 14 ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne baƙon ɗalibi ya cike fom 1040 na mazauna da manhaja irin TurboTax, wadda ba ta yin 1040-NR. Manhajar za ta ba shi rangwamen da baƙo bai cancanta ba, kuɗi mai tsoka ya dawo masa, daga baya a nemi ya mayar har da ruwa a kai. Gyaransa fom 1040-X ne haɗe da 1040-NR na daidai, kuma gara a yi da wuri. Sai harajin jiha, wanda daban yake da na tarayya: Texas da Florida ba sa karɓar harajin kuɗin shiga, amma California da New York suna karɓa, kowace da nata fom.