Malamai, ku ba ni shawara kan kai ɗalibai Argungu

Assalamu alaikum, malamai 'yan'uwa. Ina koyarwa a wata firamare a Birnin Kebbi, an ɗora mini nauyin kai 'yan aji shida ziyarar ilimi Argungu kafin hutu.

Gidan Tarihi na Kanta kowa ya amince da shi. Tsohuwar fadar sarki ce da aka gina a 1831, ta koma gidan tarihi a 1958, kuma ina so yaran su ga takubba da tamburan Kabawa da idonsu. Inda abin ya cije shi ne kai su Matan Fada, kogin da ake yin bikin kamun kifi na Argungu. Da iyaye suka ji maganar kogi, da yawa suka ƙi sa hannu a takardar izini. Wata uwa ta zo har aji ta ce ɗanta bai iya iyo ba, kuma tana da gaskiya. Amma abin yana damuna, yaran Kebbi ne, kullum suna jin labarin bikin kamun kifi, ba su taɓa ganin homa (ragar kamun kifi) da gora a hannun masunci ba.

Don Allah wanda ya taɓa kai yara can, malamai nawa suka raka su? Za a samu masunci ya nuna musu kayan aikinsa nesa da gaɓa? Ta hannun wa ake bi?