A tona ko a rufe? Muhawarar zaure kan maganin firgici da waswasi

Baban Ummi: Assalamu alaikum. Jiya an yi maganar masu magani ta hanyar zaman tattaunawa, ban samu na sa baki ba. Ni dai abin nan bai kwanta mini ba. A zaunar da wanda ya ga an kashe nasa a ce ya riƙa maimaita labarin, ko a sa mai waswasi ya taɓa abin da yake ƙyama a hana shi wanke hannu, wannan ai azabtarwa ce. Ciwon da ya fara yin ɓawo ba a ɓantare shi. A yi wa mutum addu'a, a ba shi haƙuri, lokaci zai mantar da shi.

Anti Nas: Wa alaikumus salam Yaya. Rabin maganarka gaskiya ce. Yawancin waɗanda suka ga bala'i suna farfaɗowa da kansu cikin makonni, in akwai dangi da abinci da wurin kwana. Amma akwai waɗanda wata ya wuce, shekara ta wuce, barci ya gagara, da sun ji ƙarar babur sai jiki ya ɗau rawa. Su ai lokacin ya zo ya wuce bai mantar da su komai ba.

Ɗan Borno: Anti ki bari in goyi bayan Baban Ummi. Na yi aikin sa kai a sansanin 'yan gudun hijira. Baƙi za su zo da takarda da biro, a tara mata, kowacce ta faɗi yadda aka shigo garinsu, a rubuta, a ɗauki hoto, a shiga mota. Mu ake bari da su. Akwai wata dattijuwa da bayan irin wannan zaman ta daina fitowa karɓar abinci, sai jikarta ke kai mata.

Anti Nas: Allah sarki. Ƙanena, wannan tatsar labari ce, babu likitan da zai kira ta magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta yarda a riƙa zaunar da mutum sau ɗaya, da zafin abin, a sa shi ya zayyana komai ba. Abin da ta amince da shi a ƙa'idojinta na 2013 zama ne na makonni da ƙwararre guda, da yardar mai ciwon, kuma an fara koya masa yadda zai kwantar da numfashinsa. Akwai wata hanya da masana a Jami'ar Konstanz ta Jamus suka tsara, aka gwada ta kan 'yan gudun hijirar Sudan a Uganda. Igiya ake shimfiɗawa a ƙasa a matsayin rayuwar mutum, ya ɗora fure a inda ya ji daɗi, dutse a inda ya sha wuya, ragowar igiyar a bar ta a naɗe don ba a rayu ta ba tukuna. Sai a bi duwatsun ɗaya bayan ɗaya, har abin ya koma labarin da ya faru a rana kaza, ya daina faɗo masa kamar yanzu ake yi.

Injiniya: To wancan da ake kaɗa wa mutum yatsa a gaban ido yana binsa da kallo fa? In boka ya yi haka cewa za mu yi tsibbu ne.

Anti Nas: Hhhh Injiniya ba ka da dama. EMDR ke nan, wata Ba'amurkiya Francine Shapiro ta faro shi a 1987. Yana cikin waɗanda Hukumar ta amince da su. Sai dai su kansu masanan suna gardama kan ko motsa idon ne ke aiki, ko kuwa tuna abin a natse da ake yi a lokacin.

Maman Khalifa: Ni kan waswasi zan yi magana, don a gidanmu na gani. Ƙanena sai ya cika buta ya ƙarar, ya sake cikawa, har a sallame sallah yana bakin rariya. Tsakanin yatsunsa duk ya yi fari ya tsattsage. Ya fito kuma ya ce Yaya kin ga na wanke gwiwar hannu? In ce na gani. Minti kaɗan ya dawo da tambayar. An yi ruƙiya, an sha rubutu, kuma ba mu daina addu'a ba har gobe. Da muka je asibiti, abin da ya ba ni mamaki mu aka fara yi wa doka, wai mu daina amsa masa. In ya tambaya mu ce mun riga mun yi maganar nan. Shi kuma aka sa ya jera abubuwan da ke tayar masa da hankali daga ƙarami zuwa babba, ya fara da na ƙasa. Makon farko har kuka ya yi, ni ma na yi a ɗaki. Yanzu buta ɗaya ta ishe shi har da saura.

Baban Ummi: Kin ji ko, har kuka.

Anti Nas: Ya yi kuka, amma ba ɗaure shi aka yi ba, shi ya zaɓi matakin. Duk lokacin da ya sake wanki yana samun sauƙi na ɗan lokaci, wannan sauƙin ne ke koya wa ƙwaƙwalwa cewa wankin ne ya cece shi, gobe sai ta nemi ƙari. In ya daure bai sake ba, fargabar ta hau ta hau, sannan ta sauka da kanta. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Victor Meyer, ya fara gwada wannan hanyar a Landan a 1966 kan marasa lafiya biyu. Wasu ana haɗa musu da ƙwaya, ita ma takan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin a ga amfaninta. Amma don Allah kada a je kemis a sayo Valium, sabo yake sawa, waswasin kuma yana nan.

Malam Liman: Na karanta duka. Baban Ummi, abin da Anti Nas ta faɗa ba baƙo ba ne a wajenmu. A fiƙihun Malikiyya akwai wanda ake kira mustankihi, mai kokwanton da ke zuwa masa kullum. Wani in ya yi shakkar karyewar alwala sai ya sake, shi kuwa an ɗauke masa. Risala ta ce wanda shakkar rafkanuwa ta aure shi ya yi watsi da ita, ba gyara a kansa, ya yi ba'adi kawai. Hadisin Buhari da Muslim ma ya ce kada mai sallah ya fita sai ya ji ƙara ko ya ji wari. Mu kan ba da hukuncin a zama ɗaya, ba mu da tsarin bin mutum mako mako har ya iya aiki da shi.

Baban Ummi: Allah gafarta Malam, na waswasin na karɓa. Na firgicin ne har yanzu da sauran magana. Ƙwararren da Anti ke faɗa, ina yake a ƙauyukan Zamfara?

Anti Nas: Nan kam ka kama ni, Yaya. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kware da Barnawa da Dawanau da Maiduguri, amma masu wannan horon kaɗan ne. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ma sai a Janairun 2023 aka sa mata hannu, ta maye gurbin ta 1958.

Ɗan Borno: To kafin su iso, mu da ke kusa da mutanen me za mu yi in mace ta fara ba da labarin da kanta?

Anti Nas: Ka saurara, kada ka tono abin da ba ta faɗa ba, kada kuma ka katse ta da "ki manta". In ta ambaci kashe kanta ko ta daina ci, a kai ta asibiti ranar. Ka yi mini magana ta gefe in faɗa maka ranakun da ake ganin likita a Maiduguri.