Me za mu kira "portfolio" da Hausa, mu masu neman karatun hoto?

Mai Kyamara:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon masana harshe da masu sana'a a kan kalma ɗaya. Duk wanda zai nemi gurbin digiri na biyu a fannin ɗaukar hoto, a Ingila ne ko Amurka ko Holan, abin da za a fara tambayarsa shi ne wanda Turawa ke kira portfolio. Ina rubuta wa matasanmu bayani da Hausa kan yadda ake neman irin wannan karatu, kuma a kan wannan kalma na tsaya cak.

Ga abin da ake nufi da ita. Hotuna ne da mutum ya ɗauka da kansa, ya tace, ya zaɓi kaɗan, yawanci tsakanin 10 zuwa 20, ya jera su bisa tsari, ya haɗa da ɗan gajeren bayani kan abin da yake bi da kyamararsa. Da su ake auna shi. Royal College of Art da ke Landan, wadda ba ta yin digirin farko ma sam, da su take zaɓen ɗalibanta. Haka London College of Communication a darasinta na hoton jarida, haka Jami'ar Yale a Amurka, inda karatun yake shekara biyu, saɓanin Ingila da galibi shekara ɗaya ce. Irin waɗannan makarantu sukan ɗauki wanda digirinsa na farko bai shafi hoto ba, muddin aikinsa ya gamsar da su. Ku dubi Fati Abubakar ta Maiduguri: aikin jinya ta karanta, sannan kiwon lafiyar al'umma a Landan. A 2015 ta fara ɗaukar rayuwar yau da kullum ta mutanen Borno, kasuwa da makaranta da biki, a lokacin da duniya ba ta jin komai daga can sai bam. Bayan wannan aikin ne ta tafi Jami'ar Duke ta yi digiri na biyu a fannin.

To abin da ke da wannan nauyi bai kamata a bar shi ba suna a harshenmu ba. Idan na rubuta "fotfoliyo", yaron da ke ɗaukar hoton biki a Gusau zai iya furtawa, amma ba zai san me ake so ya tara ba.

Tsohon Mai Hoto:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ai muna da sunansa tun kafin a haife ku: albam. Duk shagon hoto a Sabon Garin Zariya akwai shi a kan kanta, wasu kuma mu liƙa a gilashi a bakin ƙofa. Mai son hoto ya zo ya buɗe, ya ga hannunka, ya ga yadda kake wanki, ya ce irin wannan zaman nake so. Ba wanda ya taɓa tambayata takarda. Albam ɗin ne takardata.

Mai Kyamara:
Baba, Allah ya ƙara girma. Maganarku ta ƙarshe ita ce gaskiyar lamarin, kuma zan dawo kanta. Sai dai ina jin tsoron albam saboda abu ɗaya. Albam ɗin shago yana cewa ne: duk abin da kake so zan iya. Ga amarya, ga suna, ga fasfo, ga mahayi ranar hawan Daushe. Abin da makarantun nan ke nema kuwa kusan akasin haka ne. So suke su ga abu ɗaya da ya dame ka, wanda ka bi shi wata da watanni har ya zama naka.

J.D. 'Okhai Ojeikere, mai ɗaukar hoto ɗan Nijeriya, shi ne misalin da nake ba yara. Daga 1968 ya ɗauki kitson matan Nijeriya, baƙi da fari, bango ba ado, sau da yawa ma daga ƙeya, fuska ba ta fito ba. Ya tara kusan dubu. A 2013 aka baje su a babban bikin fasaha na Venis, shekara ɗaya kafin rasuwarsa. Da za a ce ya ciro 15 daga ciki ya jera, wannan shi ne abin da muke nema wa suna. Da zai cusa hoton ɗaurin aure ɗaya a tsakiya, komai kyansa, ya ɓata jerin. Idan na rubuta albam, wallahi yaranmu za su kwashe duk hotunan da aka fi yaba musu a Instagram su tura, kuma wannan kuskure ne da ke kayar da masu nema.

'Yar Damagaram:
Sannunku da aiki. Mu nan Nijar dosiye muke cewa, daga Faransanci. Wanda zai nemi makarantar hoto ta Arles a Faransa, wadda aka buɗe a 1982, dosiye zai haɗa kafin ya shiga gasar ɗaukar ɗalibai. Amma kada ku ɗauke ta, yayana. A bakinmu dosiye ya haɗa takardar haihuwa da ta asibiti da hoton fasfo, duk abin da ake kaiwa ofis. Ya yi faɗi da yawa.

Ina so kuma in ce kalmar nan ba ta 'yan jami'a kaɗai ba ce. Philippe Koudjina da ya ɗauki daren Yamai a shekarun 1960 da 1970 bai yi digiri na biyu ba. Malick Sidibé na Bamako ma bai yi ba, ga shi a 2007 Venis ta ba shi lambar yabonta ta aikin rayuwa. Taron masu hoto na Bamako da aka fara a 1994, abin da ake duba maka a can aikinka ne. Saboda haka a samo sunan da mai shago a Maraɗi zai iya amfani da shi kamar yadda ɗalibi zai yi.

Malamin Hausa:
Madalla da wannan tambaya. Asalin kalmar daga Italiyanci take, gaɓa biyu ce: ɗauka, da warƙar takarda. Wato abin ɗaukar warƙoƙi. Mu kuwa muna da wannan abu tun da daɗewa. Littattafan malamanmu na rubutun hannu ba a ɗinke su, warƙa-warƙa suke, a haɗa su cikin tadarishi, a zura cikin gafaka ta fata, a rataya. Ana iya zare warƙa a mayar, ana iya sauya jeri. Haka mai hoto yake yi da nasa: bana ya cire uku ya sa biyar, baɗi ya sake. Don haka ni ina ba da shawarar "gafakar hoto".

Na yi tunanin diwani ma, tunda shi ma aikin mutum ɗaya ne aka tara. Amma diwanin mawaƙi yakan kwashe duk abin da ya rubuta, nan kuwa tacewar ce aikin.

Tsohon Mai Hoto:
Malam, a gafarce ni, ban yarda da gafaka ba. Ni in aka ce gafaka, Alƙur'ani ke zo mini a rai, kuma haka take a wurin yawancin mutanenmu. Kun san har yau akwai malaman da ke da magana a kan hoton mai rai. Mun sha wannan a farkon sana'armu. Kada mu ɗauko sunan jakar Littafin Allah mu ɗora wa hotunan mutane, mu ja wa yaran nan rigimar da ba su nema ba.

Malamin Hausa:
Gaskiya ne, Alhaji. Wannan hujja ta fi tawa ƙarfi. Na janye.

Ɗalibar Zane:
Ina wuni iyayena da yayyena. Ni ɗaliba ce a Zariya, ɓangaren zane-zane, kuma ina roƙon kada a ɗaure kalmar da hoto kaɗai. Mai zanen fenti yana haɗa nasa, mai saƙa da rini yana haɗawa, mai zanen gine-gine ma haka. Idan aka ce "wani abu na hoto", mu an bar mu a baya. Sannan yanzu ba jaka ake ɗauka ba. Fayil ne na PDF, ko shafin intanet, ko a loda hotunan ɗaya bayan ɗaya a shafin makarantar. Duk sunan da ke nuna fata ko kwali zai tsufa da wuri.

Me zai hana kundi? Abin da ya sa ban faɗa da ƙarfi ba, a jami'a in ka ce kundi kowa binciken kammala digiri zai ɗauka. Kuma mai digiri na biyu a hoto yakan yi duka biyun, ga rubutu ga aikin hannu. Za a rikice.

Malamin Hausa:
'Yata, kin kawo mu kan hanya. Kundi asalinsa na malami ne: tarin warƙoƙin da ya rubuta da hannunsa, addu'o'i da laƙani da fa'idojin da ya tsinta a wurin malamansa, nasa ne shi kaɗai, yana ƙarawa yana ragewa har ƙarshen rayuwarsa. Daga baya kalmar ta buɗe, muka sami kundin tsarin mulki, kundin tarihi, kundin digiri. Tunda ta ɗauki waɗannan ba ta karye ba, za ta ɗauki wannan ma. Abin da ya rage shi ne kalmar da za ta biyo bayanta. "Kundin hotuna" ya mayar da mu albam. "Kundin ayyuka" zai yi kama da jerin aikin da aka ɗora wa ma'aikaci a ofis. "Kundin gwaji" kuma jarrabawa yake kawowa a rai.

Mai Kyamara:
To bari in koma kan maganar Baba, da ya ce albam ne takardarsa. Mai neman gurbi yana tura abubuwa iri biyu. Akwai takardar shaidar digiri, da wasiƙun malamai, da tarihin aiki: duk waɗannan labarinka ne ake bayarwa, ji ne. Sai kuma wannan guda ɗaya da masu zaɓe za su buɗe su gani da idonsu. Hausawa sun riga sun yanke hukunci tsakanin biyun, gani ya kori ji. Ina ba da shawarar kundin gani.

Na gwada shi a baki kafin in rubuto. "Kin gama haɗa kundin ganinki?" "Sun ce kundin ganinsa ya yi ƙarfi amma bayaninsa ya yi rauni." "Kada ka sa hoton biki a kundin ganin da za ka tura Landan." Bai yi mini nauyi a harshe ba. Bai ambaci hoto ba, don haka ƙanwata mai zane ta samu shiga. Bai ambaci jaka ba, don haka PDF ma kundin gani ne. Kuma yana aiki bayan an gama karatu, wanda shi ne ya fi damuna. Digirin nan yana da tsada ƙwarai, ba kowa zai samu ba, kuma ban yarda cewa sai da shi ake zama gwani ba. Abin da yake bayarwa shi ne lokaci, da malamai masu faɗa maka gaskiya a kan aikinka, da hanyar saduwa da editoci da masu gidajen baje koli. Amma editan jarida, da masu ba da tallafin aiki, da masu shirya bikin LagosPhoto da ake yi tun 2010, kowannensu abu ɗaya zai ce: turo mu gani. Rahima Gambo ta yi digiri na biyu a aikin jarida a Jami'ar Columbia, amma abin da ya sa aka san ta shi ne hotunan 'yan makarantar Maiduguri da ta yi shekaru tana komawa wurinsu.

'Yar Damagaram:
Ya zauna mini. Tambaya ɗaya: mutanen Daura da Gumel fa, masu Sallar Gani? Kada wani ya karanta ya ɗauka kundin bikin ne.

Malamin Hausa:
A magana ba za su haɗu ba, furucin ya bambanta. A rubuce kuma na bikin da babban baƙi ake fara shi, namu da ƙarami. Jam'insa kundayen gani. Zaman da ake yi a tarukan hoto, inda gwani ke zama da matashi ya duba masa aiki na ɗan lokaci, sai mu ce "duban kundin gani".

Tsohon Mai Hoto:
Ni dai albam ya riga ya zauna a bakina, ba zai fita ba. Amma na fahimci bambancin da kuke nufi, kuma kundin gani bai saɓa wa komai ba. Ku rubuta. Sai dai ku gaya wa yaran su riƙa wanke zaɓaɓɓun a kati su shimfiɗa a ƙasa kafin su jera, don waya tana ɓoye aibin hoto.

Mai Kyamara:
Na gode Baba, wannan shawara za ta shiga da sunan sana'a. Ga yadda sakin layin ya fito yanzu:

"Kafin ka cika takardar neman gurbi, fara haɗa kundin ganinka. Zaɓi aiki ɗaya ko biyu da ka daɗe kana bi, ka tace hotunan har su dawo adadin da makarantar ta ƙayyade. Wanke su a kati, ka shimfiɗa, ka sauya jeri har sai kowane hoto ya kira na bayansa. Kai wa wanda ya fi ka ya duba. Idan tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya kake hari, ka sani digiri na biyu na shekara ɗaya yake biya, kuma yana neman shaidar aikin shekara biyu, don haka ka ajiye bayanin duk aikin hoton da ka yi."

Saura ɗan rubutun da ke raka kundin, wanda suke kira artist statement. Na sa "bayanin manufa" na wucin gadi. Malam, in kun ga akwai wanda ya fi shi, sai mu buɗe masa zaure na daban.

Malamin Hausa:
Buɗe, ina da magana a kan "manufa".